Ƙanwata ta fito daga hannun masu garkuwa amma firgici bai sake ta ba: shin yoga da jinya ta hanyar jiki za su taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta yi makonni a hannun masu garkuwa da mutane, Allah ya kuɓutar da ita, yau sama da shekara ke nan, amma har yanzu ba ta dawo daidai ba. Da ta ji ƙarar babur sai gabanta ya faɗi, jikinta ya ɗauki rawa. Barci kuwa sai dai ɓarawo ya sace ta. Kullum tana fama da ciwon kai da kafaɗu da nauyin ƙirji, an yi gwaje-gwaje a asibiti an ce ba a ga komai ba. Wani lokaci sai ta yi zuru kamar ba ta cikin ɗakin, kuma ba ta son a yi mata zancen dajin ko kaɗan. Wata 'yar'uwarmu mai aikin jinya a Ingila ta ce akwai jinyar da ake bi ta jiki, har da yoga, wato wani salon motsa jiki da sarrafa numfashi, ba sai mutum ya ba da labari ba. Gaskiya ne? Kuma ya dace da Musulma?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ƙanwarki lafiya, ke kuma ya biya ki wannan ɗawainiya. 'Yar'uwarku ba son ranta ta faɗa ba. Akwai irin wannan jinya, an yi bincike a kanta, ni ma ina amfani da wani sashe nata a zaman da nake yi da mutanen da tashin hankali ya ratsa. Sai dai ina so ki san iyakarta tun da wuri, ki kuma san ainihin abin da ke aiki a cikinta, domin a nan ne aka fi yin kuskure.

Mu fara da ciwon da aka ce ba a gani ba, domin ciwo ne na gaske. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi guda biyu da likitoci ke kira amigdala. Aikinsu hango haɗari, kuma suna riga tunani sauri. Da sun hango shi sai jiki ya kwararo da sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, tsokar wuya da kafaɗu ta ɗaure, ciki ya dakatar da narka abinci. Duk shiri ne na gudu ko kokawa, kuma rahama ce, da shi ake tsira. In haɗarin ya wuce, jiki kan sauko da kansa. To amma wadda aka tsare makonni da bakin bindiga ba ta da halin gudu, ba ta da halin faɗa. Hanya ta uku kaɗai ta rage mata, wato jiki ya sandare, hankali ya janye daga wurin don kada ya ɗanɗani duk abin da ake yi. Zurun nan da kike gani shi ne ya ɗauke ta a daji, bai dai samu labarin an dawo gida ba. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ma ya san tsumma ne, ƙafarsa ce ba ta jira ya gama dubawa ba. Ƙarar babur ita ce tsummanta. Tsokar da ta shekara a ɗaure kuwa dole ta yi ciwo, kuma gwajin jini ko hoton ƙirji ba zai nuna shi ba.

Shi ya sa «ai komai ya wuce» da «ki yi tawakkali» ba sa isa inda ake so su isa, duk da cewa da kyakkyawar niyya ake faɗinsu. Ina roƙonki ki tsaya mata a cikin dangi a kan wannan: abin da ke damunta ba raunin imani ba ne, ba kuma shagwaɓa ba. Likitoci na kiran irin wannan yanayi PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. A 1980 ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, bayan an daɗe ana ganinsa a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutane za su gamu da wani mummunan abu mai firgitarwa a rayuwa, amma kashi 5.6 ne daga cikinsu firgicin ke zame wa ciwo. Sabon kundin hukumar, wanda ya fara aiki a 2022, ya ware wani nau'i mai sarƙaƙiya ga waɗanda abin ya daɗe a kansu ba hanyar kuɓuta, irin tsarewa da azabtarwa. Wanda ya zauna da ita ido da ido ne zai tabbatar da wanne ke damunta, amma alamomin da kika lissafa nan suka dosa.

Jinya ta hanyar jiki a Amurka ta girma. Peter Levine ya fara gina tasa hanyar, Somatic Experiencing, tun shekarun 1970. Pat Ogden ta kafa cibiyarta a Kolorado a 1981, inda ta tsara Sensorimotor Psychotherapy. Sai likitan ƙwaƙwalwa Bessel van der Kolk, wanda a cibiyarsa ta wancan lokaci kusa da Boston shi da wani malamin yoga mai suna David Emerson suka tsara wata yoga ta musamman ga masu firgici a farkon shekarun 2000. Dukansu abu ɗaya suka lura da shi. Wasu marasa lafiya da an ce su ba da labari sai jikinsu ya koma cikin abin gaba ɗaya, su tashi daga zaman sun fi yadda suka zo muni, sannan su ƙi dawowa.

Bari in nuna miki yadda irin zaman yake, domin ya bambanta da abin da ake gani a bidiyon waya. Mai jinya ba ya tambayar abin da ya faru. Zai iya cewa, «Yanzu da kike zaune, ina ne a jikinki ya fi sauƙi?» Wataƙila ta ce tafin ƙafarta, ko bayanta da ke jingine da kujera. Sai a daɗe a nan. Daga baya a leƙa wurin da ya ɗaure, a ce ƙirji, na ɗan lokaci ƙanƙani, a lura ko nauyi ne ko zafi ko matsi, sannan a koma wurin mai sauƙi. A je a dawo, kaɗan-kaɗan, kada a bari abin ya fi ƙarfinta. Abin da jiki ke koya a nan shi ne cewa faɗuwar gaba tana zuwa kuma tana tafiya, ba ta kashe mutum. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Ga wadda ta shekara tana gudun jin jikinta, ranar da ta iya cewa «kafaɗata ta ɗan sauko» babbar rana ce.

Yogar da Emerson ya tsara ma haka take. Babu umarni a cikinta. Malama ba ta cewa «ɗaga hannu», sai dai «in kina so, za ki iya ɗaga hannunki, ko ki bar shi inda yake». Ba ta taɓa kowa don gyara masa tsayuwa. Ba ta zagaya ta bayan mutane, tana tsaye inda kowa ke ganinta. Ba a tilasta rufe ido, kowa ya san inda ƙofa take, kuma wadda ta ga dama ta tashi ta fita ba wanda zai tambaye ta dalili. Motsin kansa mai sauƙi ne, miƙa hannu, juya wuya, sunkuyawa kaɗan, har a kan kujera ana yi. Ki duba ki gani, me aka ƙwace wa ƙanwarki a daji? Ikon jikinta. Wani ne ke cewa ta zauna, ta tashi, ta ci, ta yi shiru, ta bi wannan hanya. Maganin da ke cikin wannan yoga shi ne maimaita kishiyar hakan sau da yawa: ni na zaɓi in motsa, na ji abin da motsin ya haifar, ni na zaɓi in tsaya. In aka cire zaɓin, an cire maganin, ko da an bar motsin. Saboda haka ajin motsa jiki na gama-gari, inda ake kaɗa kiɗa ana daka tsawa, ana danna bayan mutum don ya ƙara lanƙwasa, ana cewa kowa ya kwanta rigingine ya rufe ido, zai iya tayar mata da abin da ake son kwantarwa, musamman idan an ci zarafinta a can.

Me bincike ya nuna? A 2014 van der Kolk da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi da mata 64 waɗanda firgicinsu ya daɗe ya ƙi jin magani. Aka raba su biyu, wasu suka yi yoga awa ɗaya a mako har mako 10, wasu suka halarci darasin kiwon lafiyar mata. A ƙarshe kashi 52 cikin 100 na masu yoga alamominsu sun ragu har sun fita daga ma'aunin ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 21. A 2023 aka wallafa wani gwajin da aka yi a biranen Atlanta da Portland na Amurka da mata 131, tsofaffin sojojin da aka ci zarafinsu a bakin aiki, inda aka gwada wannan yoga da ɗaya daga cikin manyan hanyoyin jinya ta zantawa. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi kusan daidai, amma kusan biyu bisa uku na masu yoga sun kai ƙarshen jinyar, alhali a ɗaya ɓangaren waɗanda suka kai ba su kai rabi ba. Wannan na biyun ya fi ɗaukar hankalina, domin maganin da mutum ya gudu ya bari ba ya amfanarsa komai kyansa. Hanyar Levine ita ma an gwada ta a Isra'ila da mutum 63, aka wallafa a 2017, an kuma ga sauƙi.

To amma ki lura da adadin: 64, 131, 63. Gwaje-gwaje ne ƙanana, yawancinsu a kan matan Amurka. Shi ya sa ƙa'idar jinya da ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ta fitar a 2023 ta ce hujjar da ake da ita kan yoga ba ta kai a ce a yi ko kada a yi ba. Hanyoyin da suka fi ƙarfin hujja har yau su ne waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata tun 2013: jinyar zantawa mai fuskantar abin da ya faru da tunanin da ya bari, da kuma EMDR, wadda Francine Shapiro ta faro a 1987, inda mutum ke tuna abin a zuciyarsa yana bin yatsan mai jinya da ido dama da hagu. Ki riƙe wannan ta biyun, domin ba ta bukatar dogon labari da baki, kuma hakan kan yi wa irin ƙanwarki sauƙi. Akwai kuma hanyar jera tarihin rayuwa daki-daki da masanan jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara, suka gwada da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda, aka wallafa a 2004. A ganina, aikin jiki shi ne share fage da rakiya. Judith Herman ta jami'ar Harvard ta tsara matakan warkewa uku tun 1992: aminci da natsuwa tukuna, sannan tunawa da juyayi, sannan komawa cikin jama'a. Aikin jiki a mataki na farko ya fi ƙarfi. Wasu daga nan suke samun abin da ya ishe su, da yawa kuwa sai sun taka na biyu, a lokacin da su suka shirya. Duk wanda ya ce miki zai fitar mata da firgici daga jiki a zama ɗaya ko a kwana uku, ki riƙe kuɗinki.

Batun addini kuwa, yoga daga Indiya ta fito, kuma asalinta tana haɗe da ibadar Hindu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Akwai kalmomin da ake rerawa a cikinta, akwai jerin motsin da ake kira gaisuwar rana. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda irin waɗannan abubuwa. Majalisar malaman Indunisiya a 2009 ta rarrabe, ta hana wadda ke ɗauke da rerawa da ibada, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Wadda aka yi gwajin da ita a Boston da Atlanta babu rerawa a cikinta, babu bauta. Hukunci na malamai ne, ku kai wa malaminku bayanin yadda abin yake ya duba. Ni abin da zan ce daga ɓangarena shi ne, in zuciyarta ba ta kwanta da sunan ba, kada a matsa mata ko kaɗan, domin jinyar da aka gina kan zaɓi ba a fara ta da tilas. Ba a kuma rasa komai ba. Miƙa gaɓoɓi, lura da jiki da sassauta numfashi ba mallakin wata al'umma ba ne.

Ƙwararrun da suka koyi wannan yoga ta musamman kaɗan ne ƙwarai a ƙasashenmu, don haka ga abin da za ku iya farawa da shi a gida, in ta yarda. Ku yi shi tare, ke ma kina yi, a lokacin da take cikin natsuwa, kada ki jira sai firgici ya taso. Ku zauna, ido a buɗe, tafin ƙafa a ƙasa. Ta danna ƙasa da ƙafarta ta ji taurinta, ta saki. Ta waiwaya a hankali ta dubi ɗakin, ta ambaci abu biyar da take gani da sunansu da launinsu. Sannan numfashi: a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida. Sirrin yana wajen fitarwa, domin duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi wata doguwar jijiya mai suna bagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, tana rage gudun zuciya. Minti uku ya isa a farko. Wasu kuwa da sun mai da hankali kan numfashi sai ƙirjinsu ya ƙara matsewa, musamman wanda aka taɓa shaƙewa ko aka rufe wa fuska. In haka ta faru a bari nan take, a koma ga ƙafa, ko ku zagaya tsakar gida a hankali tana jin kowane taku. Karatun Alƙur'ani a bayyane da tartili shi ma yana tsawaita fitar numfashi. Ibada ce da ake yi don Allah, amma in tana samun natsuwa a cikinsa, jikinta ma yana cin moriya.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne yadda gidan ke tafiya da ita. Kada a taɓa ta ta baya, a yi sallama ko gyaran murya kafin a shigo mata. A riƙa tambayarta ƙananan abubuwa ana kuma bin amsarta: a bar fitila ko a kashe, a rufe ƙofa ko a bari, wa take so ya kwana kusa da ita. Masu zuwa jaje da ke son jin «yaya aka yi», ke ce za ki tare su a zaure. In ta yi zurun nan kada a girgiza ta, kada a taru a kanta. Ki kira sunanta da murya ƙasa-ƙasa, ki gaya mata inda take da ranar da ake ciki, ki miƙa mata ruwa mai sanyi ta riƙe. Na san a gidaje da yawa in aka ga haka za a ce iska ce, a nemi mai ruƙiyya. Addu'a da tofi cikin natsuwa, da yardarta, ba abin da za su ƙara mata sai alheri. Amma danne ta, da yi mata tsawa a kunne, da turnuƙe ta da hayaƙi, balle duka, maimaita mata daji ne a cikin ɗakin uwarta. Wannan kam ki hana, ko wane ne ya kawo shawarar.

A kiyayi sayo mata maganin barci a kemis, musamman diyazefam da aka fi sani da baliyam. Yana kwantarwa a daren farko, amma jiki na saurin sabawa da shi, kuma ƙa'idojin jinya sun yi hani da amfani da shi ga wannan ciwo. Akwai magungunan da likita kan rubuta, irin satralin, waɗanda ke ɗaukar makonni kafin a ga aikinsu, kuma ana iya haɗa su da duk abin da na ambata.

Shekara ta wuce alamomin ba su ja da baya ba, don haka lokacin ganin ƙwararre ya yi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Ku nemi ganin masanin halayyar ɗan Adam tare da likita, ku tambaya kai tsaye ko ya samu horo kan jinyar firgici, da kuma ko zai yarda a fara da natsar da jiki kafin a taɓa labarin. Sunan da mutane ke kiran waɗannan asibitoci da shi na iya sa ta ƙi zuwa. In ta ƙi, ki fara zuwa ke kaɗai ki yi bayani, ita kuma ki gabatar mata da shi ta ƙofar abin da ita ke kuka da shi, wato barci da ciwon jiki. Ta zaɓi ranar, ta zaɓi mai raka ta, in mace take son gani a nema mata mace.

Wuri ɗaya ne ba a jiran zaɓinta. In ta fara cewa gara ma ta mutu, ko ta ce ta zame muku kaya, ko ta daina ci da sha, ko ta fara rabar da kayanta tana neman gafara ba gaira ba dalili, ki tambaye ta ƙarara ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta amsa da e, ko amsarta ba ta kwanta miki ba, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshi da duk ƙwayoyin da ke gidan, a kai ta asibiti a ranar.